Yunwa, Ƙoshi da Gubar da ke Kwance a Kitse: Tambayoyi da Amsoshi kan Gwajin Ɓeraye

Ɗaliban haɗa magunguna, likitancin dabbobi da kimiyyar abinci a nan Jos kan zo da tambayoyi iri ɗaya idan aikin bincikensu ya haɗa maganin ƙwari da hana ɓera abinci. Wasu tambayoyin kuma daga manoma da iyaye suke fitowa. Mun tattara su wuri ɗaya.

Wane irin maganin ƙwari ne jiki ke ajiyewa?

Ba kowanne ba. Wanda ke zama a jiki shi ne wanda ke narkewa a mai, ba ya narkewa a ruwa, kuma hanta ba ta iya farfasa shi da sauri. A gaba-gaba akwai dangin oganokulorin: DDT, aldirin, diyaldirin, lindan (wanda dattawa suka fi sani da Gammalin 20), kulodan, heptakulo, endosalfan da HCB (hekzakulorobenzin, maganin fumfuna da ake yi wa irin shuka). Ƙoda tana fitar da abin da ya narke a ruwa ne, don haka waɗannan sai su bi jini su tare a inda mai yake: kitsen ciki, kitsen gefen ƙoda, na ƙarƙashin fata, da man da ke cikin nono.

Paul Müller ya gano cewa DDT na kashe ƙwari a 1939, aka ba shi kyautar Nobel a 1948. Amurka ta hana amfani da shi a gona a 1972. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta fara aiki a 2004, ta sa yawancin dangin nan a jerin waɗanda za a daina ko a taƙaita. An ƙara lindan a 2009, endosalfan a 2011. Amma hani ba ya goge abin da ya riga ya shiga ƙasa, ruwa da jiki. A jikin mutum, DDE (abin da DDT ke rikiɗewa ya zama) kan ɗauki shekaru kafin rabinsa ya fita. A ɓera lokacin ya fi gajarta sosai, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa ake iya gwajin a cikin 'yan watanni.

Idan gubar na kwance a kitse, ashe ba ta cutarwa ke nan?

Tana rage kaifi, ba ta mutuwa. Kitse ba shi ne inda waɗannan magunguna ke yin ɓarnar gaggawa ba. Jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne. Muddin kitse na riƙe da mafi yawanta, abin da ke yawo a jini kaɗan ne, shi ya sa za ka ga ɓera da tarin DDT a kitsensa yana ci yana sha lafiya lau. Sai dai kullum akwai musaya tsakanin kitse da jini, kuma wannan ɗan abin da ke zagayawa ya isa ya kumbura hanta ya sauya aikinta.

Me ke faruwa a jikin ɓera idan an ɗauke masa abinci?

Babban farin ɓera mai nauyin giram 200 zuwa 300 yana cin kimanin giram 15 zuwa 25 a rana, kuma mafi yawan cin da dare yake yi. Jikinsa na ƙona abinci da sauri ninki da yawa fiye da na mutum idan aka auna giram da giram. Saboda haka abin da mutum zai ɗauki kwanaki kafin ya kai, ɓera na kaiwa cikin awoyi.

A awoyin farko ciki ya zazzage. Sukarin jini ya ɗan sauka, insulin ya sauka da shi, hanta ta fara sakin gilaikojin ɗin da ta tara, wato sukarin ajiya. Kafin awa 24 ta cika, yawancin gilaikojin ɗin hanta ya tafi, hantar kanta ta motse ta rage nauyi ƙwarai, ɓeran kuma ya zubar da abin da ya kusa kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa, wanda wani ɓangare nasa ruwa ne da abin da ke cikin hanji. Daga nan sai jiki ya koma kan kitse: ƙwayoyin kitse su farfashe mansu su zuba shi a jini, tsoka ta ƙona wani, hanta ta mayar da wani ya zama kiton, makamashin da ƙwaƙwalwa ke iya ƙonawa. Idan yunwar ta zarce har kitsen ya kusa ƙarewa, jiki ya fara cin naman kansa, kuma daga wannan matakin mutuwa ba ta da nisa. Gwajin da aka tsara da hankali ba ya kai dabba nan.

To ta yaya yunwa ke tayar da gubar da ta daɗe a kwance?

Jiki na ƙona man, amma ba ya iya ƙona gubar da ke cikinsa. Kamar tukunyar miya ce da aka bari a wuta: ruwa na tsotsewa, gishirin da aka sa tun farko na nan, sai ɗanɗanonsa ya yi ta ƙara fitowa.

Ga lissafi na misali, ba sakamakon wani gwaji ba. Ɗauki ɓera mai giram 300, kitsensa giram 30, kowane giram na ɗauke da mikirogiram 100 na DDT. Jimla mikirogiram 3,000 ke nan. A ce an taƙaita masa abinci har kitsen ya koma giram 15, kuma a wannan lokacin ya fitar da kashi 10 cikin ɗari na gubar ta kashi da fitsari. Saura mikirogiram 2,700, amma yanzu a cikin rabin man da yake da shi a da. Idan duk ta zauna a kitsen, kowane giram zai ɗauki mikirogiram 180. Tun da jini na daidaita kansa da kitse, adadin da ke jini shi ma ya hau, sannan ya bi duk gaɓar da ke da mai. Ƙwaƙwalwar ɓera ba ta wuce giram 2 ba, kusan kashi ɗaya cikin goma nata mai ne, jini na ratsa ta sosai, kuma man da ke cikinta ba irin wanda jiki ke ƙonawa lokacin yunwa ba ne. Kitse na raguwa, ƙwaƙwalwa na nan yadda take, sai rabonta na gubar ya ƙaru.

Abin lura shi ne ba a ƙara wa ɓeran ko ɗigo ɗaya na magani ba. Jimlar gubar da ke jikinsa ma ta ragu. Mazauninta ne ya canja. Ɗalibin da bai riƙe wannan ba zai rubuta cewa yunwa ta “ƙara guba a jiki”, alhali ba haka sakamakonsa ya nuna ba.

An taɓa ganin haka a zahiri, ko lissafi ne kawai?

An gani, tun da daɗewa. A 1947 Fitzhugh da Nelson na hukumar abinci da magunguna ta Amurka sun lura cewa ɓerayen da suka daɗe suna cin DDT mai yawa a abinci, da aka hana su abinci sai suka kama karkarwa irin ta gubar DDT. A 1962 Dale, Gaines da Hayes suka bi diddigin abin da awo: a ɓerayen da aka sa wa yunwa, adadin ya hau a jini, ƙwaƙwalwa, hanta, ƙoda da ragowar kitsen. Fitar da gubar ma ya ƙaru, sai dai bai kai saurin narkewar kitsen ba.

A 2005 Jandacek da abokan aikinsa a Cincinnati sun yi gwajin rama da ƙiba bi da bi a ƙananan ɓeraye (jinsin mouse, ba 'ya'yan babban ɓera ba) da HCB. Da dabbobin suka rame, HCB ɗin ƙwaƙwalwa ya ninka sau uku. Da suka mayar da jiki ya sauka, da suka sake ramewa ya sake hawa. A daji ma an gani: a 1976 Geluso da abokansa sun nuna cewa 'ya'yan jemagu na kogon Carlsbad a Amurka, idan suka ƙona kitsensu kamar yadda suke yi a doguwar ƙaura, DDE na taruwa a ƙwaƙwalwarsu har su nuna alamun guba, wasu su mutu.

Waɗanne alamomi za a duba?

Ya danganta da maganin. DDT na hana ƙofofin sodiyam na jijiya rufewa a kan lokaci, sai jijiyar ta yi ta aika saƙo ba tsayawa. Alamar farko ita ce firgita: ka tafa hannu ko ka taɓa kejin, ɓeran ya zabura fiye da kima. Sai karkarwa siririya a gashin baki da kai, ta bazu zuwa duk jiki, tafiya ta rikice, jiki ya yi zafi, a ƙarshe jijjiga. Lindan, diyaldirin da endosalfan kuwa suna toshe hanyar GABA, wato birkin ƙwaƙwalwa, don haka sukan kawo jijjiga farat ɗaya ba tare da doguwar karkarwa ta gabace ta ba.

A kiyaye: ɓera mai yunwa a ɗaki mai sanyi shi ma yana makyarkyata, gashinsa ya miƙe, ya dunƙule. Bambancin shi ne wanda sanyi ke damu jikinsa a sanyaye yake kuma yana lafawa idan an ɗumama shi. In babu rukunin da aka sa wa yunwa ba tare da guba ba, babu yadda za a yi a raba biyun.

Yunwa na ƙara wa hanta ƙarfin sarrafa guba ne, ko rage mata take yi?

Duka biyun, kuma nan ne aikin ke da sarƙaƙiya. Gulutatayon, wanda hanta ke ɗaure guba da shi kafin ta fitar, yana faɗuwa da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi bayan kwana ɗaya babu abinci, domin daga furotin ɗin abinci ake samun kayan haɗa shi. Haɗa guba da gulukuronik asid ma na raguwa, tun da daga sukarin hanta yake fitowa. A gefe guda kuma enzayim ɗin CYP2E1 na ƙaruwa da yunwa, shi ya sa farasitamol da kabon tetirakulorayid suka fi lalata hantar ɓeran da ya kwana da yunwa.

Shi kansa DDT yana tayar da enzayim ɗin hanta kamar yadda finobabiton ke yi. Ɓeran da ya tara DDT yakan farka da wuri daga barcin maganin hekzobabital, kuma hantarsa ba ta riƙe bitamin A yadda ya kamata. Idan aka haɗa wannan da yunwa, sai a sami hanta mai saurin fara sarrafa abu amma ba ta da kayan kammalawa. Sannan ba kowane sarrafawa ne alheri ba: hanta ce ke mayar da aldirin ya zama diyaldirin, heptakulo kuma ya zama ifoksayid ɗinsa, dukansu masu guba ne masu daɗewa.

Ina batun ƙarancin furotin?

A wajenmu wannan ya fi yunwa tsantsa muhimmanci, domin abin da aka fi gani a gidaje shi ne ciki cike da tuwo amma babu wake, kifi ko nama. Eldon Boyd na jami'ar Queen's a Kanada ya yi jerin gwaje-gwaje a shekarun 1960 da ɓerayen da aka yaye a kan abinci mai ƙarancin furotin. Yawancin magungunan ƙwarin da ya gwada sun fi kashe su: wasu da ninki kaɗan, maganin fumfuna mai suna kaftan (captan) kuwa da ninki mai yawa ƙwarai. Akwai 'yan abubuwan da ke bin akasin haka, waɗanda sai hanta ta sarrafa su kafin su yi kaifi. McLean da McLean sun nuna a 1966 cewa abinci marar furotin na kare ɓera daga kabon tetirakulorayid, amma da aka ba shi DDT, wanda ya tayar da enzayim ɗin, kariyar ta gushe.

Idan aka dawo da abinci, komai na komawa daidai?

Alamun jijiya sukan lafa, domin insulin ya tashi, narkewar kitse ta tsaya, sabon kitse ya fara taruwa ya janye gubar daga jini da ƙwaƙwalwa. Adadin da ke kowane giram na kitse ya sauka saboda an tsarma shi da sabon mai. Amma tsarmawa ba wankewa ba ce. Mafi yawan gubar na nan, tana jiran rama ta gaba.

Ita kuma hanta tana wuce gona da iri. Tun 1958 Tepperman da Tepperman suka bayyana cewa ɓeran da ya sha yunwa aka dawo masa da abinci mai sitaci da sukari, marar mai, hantarsa na ƙera kitse fiye da na ɓeran da bai taɓa yunwa ba. Enzayim masu wannan aiki, irin su G6PD da malik enzayim, suna hawa ninki-ninki cikin kwana 2 zuwa 3. Gilaikojin ya dawo ya zarce yadda yake a da, kowane giram ɗinsa kuma na riƙe da ruwa kusan giram 3. Sakamakon shi ne hanta babba, fara-fara, mai maiƙo. Tun da gubar mai take bi, wani kaso na iya tarewa a hantar. Gwajin 2005 ɗin nan ya sami ƙarin HCB a hanta bayan rama da mayar da jiki, daidai da ƙaruwar kitsen hantar.

Nan ake yawan yin kuskure. Ɗalibi ya yanka ɓerayensa kwana 2 bayan dawo da abinci, ya ga hanta ta yi nauyi, ya ɗora wa maganin ƙwari. Wataƙila maganin ne, wataƙila gilaikojin da ruwa ne. Sai rukunin da ya sha yunwa ya ƙoshi ba tare da guba ba zai raba gardamar.

Akwai haɗari a dawo da abinci gaba ɗaya lokaci guda?

Bayan kwana ɗaya da yunwa, babu. Bayan doguwar yunwa ko makonni na taƙaitawa, akwai. Tashin insulin na tura fosfet, fotasiyam da maganiziyam cikin ƙwayoyin jiki, adadinsu a jini ya faɗi, ƙona sitaci kuma ya cinye ɗan bitamin B1 da ya rage. Zuciya ta rikice, tsoka ta yi rauni, har jijjiga kan biyo baya, wadda za a iya ɗauka ta gubar ce. Shawararmu: ranar farko a ba da rabin abin da ɓeran ke ci kafin gwaji, a raba shi biyu, a fara da magariba lokacin da ya saba ci, rana ta biyu kashi uku cikin huɗu, daga ta uku a sake masa. A auna abin da aka zuba da abin da ya rage, har da wanda ya zube a ƙasan keji.

Awa nawa ya kamata ɓera ya yi ba abinci kafin a ɗura masa maganin gwaji?

Ƙa'idojin OECD (ƙungiyar haɗin kan ƙasashe don bunƙasa tattalin arziki) na gwajin guba ta baki, masu lamba 420, 423 da 425, sun ce a ɗauke wa babban ɓera abinci na dare ɗaya, ƙaramin ɓera awa 3 zuwa 4, ruwa kuwa ba a ɗaukewa. Bayan ɗurawa a jira awa 3 zuwa 4 kafin a mayar wa babban ɓera abinci. A auna nauyi bayan yunwar, a lissafa maganin da wannan nauyin. Abin da za a ɗura kada ya wuce mililita 1 ga kowane giram 100, sai in a ruwa aka narkar, a nan ana iya kaiwa mililita 2.

Abin da ke lalata aiki shi ne “dare ɗaya” ya koma awa 20 ko fiye: an kwashe abinci da la'asar za a tashi aiki, washegari ba a fara ɗurawa ba sai bayan azahar. Sannan na farko a layi da na ƙarshe sun bambanta da awoyi. A rubuta lokacin kwashewa da na ɗurawa ga kowane keji. A sauya shimfiɗar garin katako ma, domin ɓera na cin ɓurɓushin da ya zube, yana kuma cin kashinsa, wanda ke mayar masa da gubar da ya fitar. Kuma a tuna ɓera ba ya amai, abin da ya shiga ya shiga.

Man da aka narkar da maganin a ciki shi ma abin rubutawa ne. Adadin DDT da ke kashe rabin ɓeraye ta baki kusan miligiram 113 ne ga kowane kilo idan a mai aka ba da shi. A gari ko a ruwa ana buƙatar fiye da haka sosai, domin hanji ba ya tsotsarsa da kyau in babu mai.

Yaya ake tsara gwajin yunwa da ƙoshi?

Da farko amincewar kwamitin ɗa'ar gwajin dabbobi na makaranta ko cibiyar. Sai a bar ɓerayen su saba da ɗakin aƙalla kwana 5. A ba da maganin a adadin da ba ya kawo alama har na 'yan makonni, a tsaya, a jira mako 1 zuwa 2 domin abin da ke hanji ya wuce, jini da kitse su daidaita. In ba a jira ba, ba gubar ajiya ake aunawa ba.

Rukunoni shida ne: mai cin ƙoshi, mai taƙaitaccen abinci, da wanda aka taƙaita aka dawo masa da abinci, kowanne a gida biyu, mai guba da marar guba. Ƙari a kan haka, a yanka wasu kaɗan ranar da za a fara taƙaitawa domin a san inda aka tashi. Mun fi son taƙaitawa zuwa rabin abin da dabbar ke ci a kan hanawa kwata-kwata: kitsen na narkewa a hankali, ana samun damar ganin alamomi, dabbar ba ta wahala sosai. A raba su ɗaya-ɗaya lokacin ci, in ba haka ba mai ƙarfi ya cinye rabon na ƙasa da shi. A auna nauyi kullum a lokaci guda. Duk wanda ya rasa kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, ko ya fara jijjiga, a fitar da shi daga gwajin.

Kada a gauraya maza da mata a lissafi. Macen ɓera ta fi namiji tara DDT da diyaldirin a kitse, domin hantar namiji ta fi saurin sarrafa su.

Sanyin Jos na shafar sakamako?

Ƙwarai. Ana son ɗakin ɓeraye ya zauna a digiri 22, da sassaucin 3 sama ko ƙasa, da haske awa 12, duhu awa 12. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu dare kan sauka zuwa wajen digiri 10. Ɓeran da ke shi kaɗai a keji, ba abinci, a irin wannan daren, yana ƙona kitse don ɗumama jiki da saurin da ya fi na wanda ke ɗaki mai ɗumi, gubarsa kuma ta fito da wannan saurin. Gwaji iri ɗaya a Vom, kusa da Jos, cikin hunturu da a Abuja cikin zafin Maris, inda zafi kan sa ɓera ya rage ci da kansa, ba lalle su ba da amsa ɗaya ba. A rataye ma'aunin zafi mai nuna mafi ƙasa da mafi sama, a rubuta kowace safiya, a ƙara shimfiɗa. Kada a kunna gawayi ko risho a rufaffen ɗakin dabbobi.

Ana iya amfani da abincin kaji?

Da yawa shi suke amfani da shi, don shi ne a kusa. Ga gwajin da abinci shi ne jigonsa, wannan rauni ne: an haɗa shi don kaza, yawan furotin da mai na iya bambanta daga buhu zuwa buhu, wani na ɗauke da maganin cutar hanjin kaji, masarar ciki kuma ƙila an adana ta da maganin ƙwari. In babu makawa, a sayi abin da zai isa gwajin gaba ɗaya a lokaci guda, a gauraya, a kai samfuri a auna furotin, mai da ragowar maganin ƙwari, a rubuta a rahoto.

Waɗanne sassa ake ɗauka, kuma ina aka fi yin kuskure?

Jini, ƙwaƙwalwa, hanta, ƙoda, da kitse daga wuri fiye da ɗaya: na gefen maraina, na bayan ƙoda, na hanji da na ƙarƙashin fata, domin ba tare suke narkewa ba. A auna nauyin kowane sashe ɗungurungum kafin a gutsura. Da wannan nauyin ne za a ninka adadin kowane giram a sami jimla, kuma jimlar ce ke nuna ko guba ta fita ne ko ƙaura ta yi. A ba da sakamako a kan nauyin nama da kuma a kan nauyin man da ke cikinsa, musamman a jini, inda yawan mai ke sauyawa tsakanin yunwa da ƙoshi.

A ajiye a kwalba ko takardar alminiyam da aka wanke da heksen (ruwan sinadari mai narkar da mai), ba leda ko roba ba, don sinadaran roba na fitowa a na'urar GC, wadda ake auna gubar da ita, su rufe abin da ake nema. A daskarar nan take a digiri 20 ƙasa da sifili. Hantar da aka bari ta ɗumama tana mayar da DDT ya zama wani sinadari, DDD, ko bayan mutuwar dabbar, don haka firizar da wuta ta ɗauke mata kwana biyu ta riga ta sauya sakamako. Wajen tace man, asid mai ƙarfi na salfa ba ya taɓa DDT, lindan da HCB, amma yana lalata diyaldirin da endirin. Ga waɗannan sai a tace ta cikin wani gari mai suna Florisil. Bakin na'urar GC mai datti da zafi shi ma yana farfasa DDT, don haka a fara da zuba tsantsarsa a duba. In abin da ya farfashe ya wuce kashi 15 cikin ɗari, a gyara kafin a ci gaba.

Akwai hanyar fitar da gubar gaba ɗaya?

Akwai hanyar hanzarta ta. Wani kaso na sauka cikin hanji ta ruwan maɗaci da bangon hanjin, sai jiki ya sake tsotse shi. In aka sa wani abu a hanjin da zai kama shi ya fita da shi, an katse zagayen. Bayan ma'aikatan masana'antar maganin ƙwari na Kepone a Hopewell ta jihar Bajiniya a Amurka sun kamu a 1975, an ba su kolestiramin, maganin da ke kama gubar a hanji, fitar gubar ta kashi ta ninka kusan sau 7. A gwajin ƙananan ɓeraye na 2005, haɗa taƙaita abinci da olestra, wani mai da hanji ba ya tsotsa, ya ninka fitar HCB sau 30, ya kuma rage abin da ke zuwa ƙwaƙwalwa da rabi. Yunwa ita kaɗai ba ta yi haka ba. Masu tallar “wanke jiki” da kwanaki ba ci su lura da wannan.

Azumin Ramadan ko rage ƙiba na da wannan haɗarin ga mutum?

Azumi a nan awa 13 zuwa 14 ne, da sahur da buɗe-baki a kowace rana, kuma kitsen da mai azumi ke rasawa a wata ɗan kaɗan ne a kan abin da yake da shi. Ba a kwatanta shi da ɓeran da aka ɗura wa guba da gangan sannan ya rasa rabin kitsensa. Abin da aka auna a mutane shi ne masu rage ƙiba sosai, musamman bayan tiyatar rage tumbi, adadin oganokulorin a jininsu na hawa. Masu bincike a jami'ar Laval ta Kanada sun nuna haka tun wajen 2000. Wannan bai soke amfanin rage ƙiba ba, yana dai goyon bayan a rage a hankali. Wanda ya shafe shekaru yana feshi da waɗannan magunguna, in rashin lafiya ta ramar da shi da sauri ya fara karkarwa, a gaya wa likita tarihin aikinsa.

Nono babbar hanyar fita ce. A Turkiyya tsakanin 1955 da 1959, mutane dubbai sun kamu bayan cin irin alkamar da aka yi wa magani da HCB, jarirai masu shan nono da dama suka mutu. Wannan guba ce mai yawa ta kai tsaye. A yanayin yau da kullum shayarwa ta fi alheri nesa ba kusa ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya na nan a kan haka. Abin gudu shi ne mai jego ta matsa wa kanta da yunwa don ta rame da wuri. Haka saniyar da ta rame da rani ana tatsar ta: abin da ke kitsenta na iya bin man shanu.

Fiya-fiya da Sniper fa?

Waɗannan daikulobos ne, dangin oganofosfet. Jiki na farfasa shi cikin awoyi, ba ya taruwa a kitse, haɗarinsa na nan take ne: dalalar miyau, ƙanƙancewar ƙwayar ido, sarƙewar numfashi. Ragowarsa a wake ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar waken Nijeriya a 2015, NAFDAC kuma ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a 2019. Wasu 'yan uwansa masu son mai, irin su fentiyon da kulofirifos, sukan ɗan zauna a kitse na kwanaki, har alamomi su dawo bayan an zaci mutum ya warke.

Idan mutum ya sha, a ba shi manja ko madara?

A'a. Mai na taimaka wa hanji tsotse guba mai narkewa a mai, ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe kuma na iya kai ruwan cikin huhu. Kada a sa shi amai. A cire tufafin da maganin ya taɓa, a wanke fata da sabulu, a kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti da kwalbar maganin. Kwalbar na da muhimmanci, domin maganin ya bambanta: atirofin na oganofosfet ne, ba ya aiki a kan DDT ko lindan, waɗanda ake tsayar da jijjigarsu da dayazifam, ana kuma kaffa-kaffa da adiranalin don yana iya rikita bugun zuciya.

Yaya za a yi da gawarwakin ɓerayen da shimfiɗarsu?

Kada a jefa a juji ko bayan katanga. Kyanwa, kare ko shaho da ya ci ya gaji gubar, kitsensa kuma ya tara ta. Kada a ƙona a fili da taya ko kananzir, domin ƙona abu mai kulorin a wuta marar ƙarfi na haifar da dayoksin. A ƙulle gawa, garin katako da kashin a leda biyu, a rubuta sunan maganin da kwanan wata, a daskarar, a miƙa ga sashen da ke da injin ƙona sharar asibiti mai zafi sosai. Ragowar maganin da heksen ɗin da aka yi wanki da shi a tara su a kwalba mai murfi a miƙa tare, ba a zuba a magudana. Mai share keji ya sa safar hannu ta naitiril da takunkumi, ya yayyafa wa garin katakon ruwa kafin ya kwashe don kada ƙura ta tashi.